Yadda na ƙara wa sukutar Baffa tayoyin gefe a Garwa

Tun da Baffa ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, ƙafarsa ta hagu ba ta ƙara yarda ta ɗauki nauyi ba. Yana takawa da sanda, amma babur ya gagare shi, don wahalar babur a tsayawa take. Da an ja birki a mahaɗar hanya dole a sauke ƙafa, tasa kuwa ta ce ba da ita ba. Wata bakwai sukutarsa na jingine a zaure kaji na kwana a kanta, shi kuma kullum yana biyan ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya kai shi babbar kasuwa da safe ya komo da shi bayan la'asar. Ni maƙerin walda ne a nan Garwa ta arewacin Kamaru, ƙofofi da tagogi da gadaje, jefi-jefi amalanke. Ran nan ya aiko a kira ni.

"Ɗana, an ce a Indiya ana yi wa irin wannan mashin ƙafafu. Kai ƙarfen naka na ƙofa ne kaɗai?"

"Baffa, ku ba ni mako biyu."

Wata biyu aikin ya ci, kuma sai da na yi shi sau biyu.

Maganarsa ta Indiya gaskiya ce. Can ana sayar da kayan a shirye, a ɗaura wa su Honda Activa da TVS Jupiter domin masu lalurar ƙafa. Mu nan sai dai mu ƙera. Mutane na ce masa mai ƙafa uku, amma in ka ƙirga taya huɗu ce a ƙasa: ta gaba, ta baya wadda inji ke juyawa, da biyu a gefenta.

Fara da duba mashin ɗin da kuma mai hawansa. Wanda ya dace shi ne sukuta mai bel, wadda ba a sa mata giya, birkinta duka biyu a hannu suke, dama na gaba, hagu na baya. Ta Baffa 'yar Sin ce mai inji 125, irin injin nan da makanikai ke kira GY6. Roba-roba mai giya a ƙafar hagu da birki a ƙafar dama ita ma ana yi mata, sai dai sai an mayar da giya da birki hannu, wannan kuwa wani aiki ne daban. Sannan ka sa mai mashin ya matse maka hannu da hannuwansa biyu. Ba wasa nake ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye har hannu ya yi rauni, tayoyin gefe ba za su ja masa birki ba. Na Baffa lafiyarsu lau, sai da na ce wash.

Awo na farko ba a jikin babur yake ba, a ƙofar gida yake. Ƙofar zauren Baffa mita ɗaya da santimita biyar ce, saboda haka na tsayar da faɗin daga bayan taya zuwa bayan taya a santimita 95. In ka matse shi ƙasa da haka sosai zai yi saurin kifewa a kwana, in ka buɗe shi ya wuce mita ɗaya kuma mai shi zai riƙa kwana da fargaba mashin na waje, ga cunkoson bakin kasuwa.

Kayan da na haɗa ba su da yawa. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, 40 da 40, mai kaurin milimita 3; kada a yaudare ka da na gado, wanda sandar walda ke hudawa kamar takarda. Faranti mai kaurin milimita 6 na yanka kunnuwa. Tayoyi biyu na sukuta, 3.50-10, daidai da tata ta baya, da wilinsu na gaba da na samo wajen masu tsofaffin kaya. Wasu na sa tayar baro don arha. Ba a yi ta don gudu ba, kwalta mai zafi ta watan Afrilu za ta cinye ta, boris ɗinta kuma ba ya jure ƙura. Na sa mai juya ƙarfe ya faɗaɗa mazaunin boris a wilin, muka sa 6203 mai rufin roba gefe biyu, wanda raminsa milimita 17 ne, domin sandar tayar gefe ta gefe guda kawai take riƙe, siririya lanƙwashewa za ta yi. Kusoshi kuwa ka duba kansu, ka ɗauki masu lamba 8.8, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi.

Abin da ya kamata ka gane kafin ka yanka ƙarfe: a sukuta inji da tayar baya abu guda ne, tare suke hawa da sauka. Kada ka ɗaura komai a jikin inji. Gangar jikinsa alminiyom ce, tsagewa take, kuma duk abin da ka maƙala mata zai riƙa tsalle tare da ita. A shasi ake kamawa. Cire robobin ƙasa da na gefe ka ga ƙashin mashin da idonka. Masu yawa suna kamawa a mazaunin babbar ƙafar jingina, amma leƙa tukuna, domin a wasu sukutocin ƙafar nan a jikin inji take. Ta Baffa haka take, shi ya sa na yi maƙalai masu kusa na rungume bututun shasi biyu da ke ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa, gaba kaɗan da inda inji ke rataye. Ban ɗiga walda ko ɗaya a jikin shasin ba. Tankin mai na nan kusa, zuwa-zuwa kuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, ba ya jiran a ce masa bismilla, ga wayoyi da akwatin wuta da walda ke ƙonawa. Ga kuma lambar shasi, wadda ke rubuce a kartigiris, wato takardar rajistar mashin; ranar da ka shafe ta da walda, ka sayo wa mai mashin rigima da jami'an hanya. In dole sai ka ɗiga wani abu mashin na kusa, cire batir, sauke tanki.

To, ga wautar da na yi a karon farko. Na ɗauki aikin kamar amalanke: sanda guda mai ƙarfi a gicciye, taya nan taya can, duka ƙam a jikin shasi babu sifirin. A kan simintin shagona abin gwanin sha'awa, yarona har tafi ya yi. Ranar Juma'a Baffa ya sha babbar riga ya hau. A bakin layinsu akwai wata 'yar kwata da ruwan wanke-wanke ya zaizaye, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, ta bi tsakiyar hanya. Tayoyin gefe suka hau gaɓa biyu, ta tsakiya ta rataye a kan rami. Baffa na murɗa totur, inji na kuka, taya na juyawa a iska tana watsa wa rigar ruwan kwata, mashin ko gezau. Yara suka taru. Sai da mutum biyu suka turo shi. Da ya dawo daga masallaci bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, ka yi mini kujera mai ƙara."

Dariyar ta tsaya mini a wuya da na tuna cewa birkin baya ma a wannan tayar yake. Da a gangaren gadar Binuwai ta rataye haka, ba riga kaɗai za ta ɓaci ba. Tayar tsakiya ita ce mai tura mashin, ita ce mai tsayar da shi, saboda haka nauyi nata ne. Na gefe 'yan rakiya ne, aikinsu su tare shi kada ya faɗi. Duk ƙirar da ta ɗauke wa ta tsakiya nauyi ta lalace, komai kyan waldarta.

Na yanke komai na sake. Wannan karon sandar gicciye tana gaba, a ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa. A kowane bakinta na yi kunnuwa biyu, na rataya hannu guda mai juyawa a kan robar bush, ya miƙe baya ya riƙe tayarsa. Kowane hannu da amortisa tasa, abin da 'yan Najeriya ke ce wa shakazoba. Kan amortisa na sama yana kame da wani ƙarfe mai siffar baka da ya taso ya bi ƙarƙashin sirdi, na ɗaure shi a kusoshin kariyar ɗora kaya inda suka shiga shasi, na bar wa tayar baya sarari yadda ko ta yi sama iyakarta ba za ta taɓa shi ba. Amortisa ta ƙaramin mashin 110 na sa, mai laushi. Na gwada ta babban babur, tauri ya yi yawa, sai muka koma gidan jiya. A kunnen sama na huda ramuka huɗu a jere, tazarar santimita biyu-biyu, don a iya ƙara matsi ko a rage ba tare da an sake kunna injin walda ba.

Cibiyar tayoyin gefe ta zo layi ɗaya da cibiyar tayar baya. In suka yi gaba ko baya da ita, a kowace kwana sai sun goge ƙasa ta gefe, kan mashin ya yi nauyi, taya ta cinye cikin 'yan watanni, kuma a kan tudun rage gudu za su ɗaga ta tsakiya. Don daidaita fuskarsu ban nemi wata na'ura ba. Na tsayar da mashin cak a kan siminti da ma'aunin magina mai ruwa, na ja zare daga gaba zuwa baya ta tsakiya, na auna daga zaren zuwa bakin kowane wili, gabansa da bayansa. Awon ya zama ɗaya. Ɗiga walda kaɗan-kaɗan tukuna, sake aunawa, sannan ka cire ka ƙone ta sosai a kan benci, don zafi yana jan ƙarfe.

Gwajin da ban yarda a tsallake ba guda biyu ne, kuma mai mashin ne zai zauna a kai, ba yaron shago da bai kai rabin nauyinsa ba. Na farko, a kan daɓe mai laushi, tura kwalin sukari ƙarƙashin tayar gefe ka ja. Ya fito da ɗan ja-in-ja. In ya zare salin-alin tayar ba ta taka ba, mashin zai riƙa rangaji. In ya yage, ta ɗauki nauyin da ba nata ba, sai ka matsa rami na gaba. Na biyu, sa katako mai kaurin santimita biyar a ƙarƙashin kowace tayar gefe, ta tsakiya a ƙasa, a murɗa totur a hankali. Mashin ya sauko da ƙarfin kansa. Wannan katakon shi ne kwatar layin su Baffa.

Kafin fenti ka zagaya ka ga abin da ka toshe. Hagu akwai kik, da murfin bel, da matatar iska. Dama akwai salansa da fankar da ke sanyaya inji. Garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu ba a tsaya wa fanka a gaba. Ka tabbata mai faci zai iya cire tayar baya, don sai an sauke salansa take fita. Ni na yi hannun da ke riƙe tayar dama yadda kusa biyu kawai za a kwance ya kauce. Na sa murfin laka a kan tayoyin saboda babbar riga, da abin ƙyalli ja a bayan kowanne, domin da dare mai tahowa fitila ɗaya yake gani ya zaci siririn babur ne. Tun da an cire ƙafar jingina, babu abin da zai hana shi gangarawa in an ajiye, sai na yi ɗan maƙalin ƙarfe da ke riƙe birkin hagu a matse. Kafin a fita titi kuma a ɗauki kartigiris da takardar inshora a je ofishin sufuri a gaya musu an canja fasalin mashin, a ji abin da za su ce.

Saura koyon tuƙi, kuma wanda ya daɗe yana hawan babur ya fi sabon shiga shan wuya. Shekara talatin jikin Baffa ya saba kwantar da mashin a kwana. Wannan ba ya kwanciya, juya kansa ake yi kamar keken ɗaukar kaya. Na kai shi wani fili ta wajen Rumde Ajiya da sassafe, na jera gwangwanayen fenti, kwana uku muna zagaye. Ranar farko ya nufi gwangwani sak yana karkata kafaɗa, yana mamakin abin da ya hana mashin juyawa. A rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, a jingina jiki ta cikin kwanar, in an ji tayar ciki ta yi sauƙi a saki totur. Titi kuma tsakiyarsa ta fi gefe tudu saboda ruwa, mu da ke bin dama sai ka ji mashin na janka wajen kwata. Ba lalacewa ba ce, riƙewa ake. Rami ba ya kaucuwa kamar da, sawu uku gare ka yanzu, sai ka saka shi tsakanin sawun tsakiya da na gefe. Ƙafa kuma ta zauna a kan mashin ko an tsaya, wanda ya sauke ta tayar gefe za ta taka masa diddige. Na roƙe shi kada allura ta wuce 40, kuma hular kwano a kan ta zanna, ko ya cire zannar.

Zai ƙara shan mai, bel zai riga lokacinsa gajiya, wannan kuɗin nauyin da aka ƙara ne. Bayan mako guda a bi kusoshi duka da sifana, daga nan duk wata. A riƙa taɓa iskar tayar tsakiya da gangan, domin ko ta sace na gefe za su riƙe mashin a tsaye, mai shi ba zai ji ba sai ta lalace.

Lahadi ta uku Baffa ya tafi kasuwar Pitowa shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Da yamma sai ga shi a ƙofar shago, ƙura har gira, da ƙullin albasa a wurin ajiye ƙafa, sandarsa a ɗaure a baya da tsumma.

"Aikin ya yi, ɗana. Amma ina ka ce in sa sandar?"

Na yanko guntun bututun ruwa mai tsawon taƙi biyu, na toshe gindinsa, na ɗaure shi a jikin bakan ta hannun hagu, inda zai miƙa hannu ya zaro ta kafin ya sauka.