Yadda soja zai riƙe gaskiya ko da oga ba ya son jin ta

Yawancin masu shiga soja suna zaton jarabawar gaskiyarsu sai ranar da wani ya miƙo musu jakar kuɗi sun ce a'a. Ina! Da asuba take zuwa, a jikin wata takarda mai layi-layi, saje ya miƙo maka biro ya ce sa hannu an duba mota, alhali kai ka san ko bonet ba ka ɗaga ba, ga sanyi ga barci ga fareti saura minti biyar.

Toh daga nan za ka fara. Kar ka sa hannu kan abin da idonka bai gani ba. In an ce duba mota, ka zaro sandar mai ka goge ka mayar ka sake zarowa, ka leƙa ruwan lagireto, ka taka birki ka ji, ka zagaya tayoyin har da safaya. In lokaci ya ƙure ka rubuta abin da ka duba kawai, sauran ka bar shi fayau ka ce ban kai nan ba. Za a yi maka tsawa, ƙila ma ka sha gwale-gwale, amma ka tuna ba kai ne za ka tuƙa motar nan da daddare ba, wani ne, da mutum goma a baya, kuma abin da zai dogara da shi sa hannunka ne. A 2015 wasu malamai biyu na kwalejin yaƙi ta sojan Amurka, Leonard Wong da Stephen Gerras, sun fitar da bincike da ya nuna hafsoshi sun saba sa hannu cewa an kammala horon da ba a yi ba, saboda ayyukan da ake jibga musu sun fi ƙarfin lokacin da ke akwai, har abin ya daina yi musu kama da ƙarya. Wannan sabon shi ne abin gudu.

Sai ƙidaya. Mutum nawa, harsashi nawa, mai lita nawa. Ka ƙirga da kanka ka faɗi abin da ka samu, in talatin da bakwai ne kar ka cika shi arba'in don lissafin ya yi kyau. Dubi Iraƙi, birnin Mosul ya faɗa hannun mayaƙan ISIS a watan Yunin 2014, kafin ƙarshen shekarar Firaminista Haider al-Abadi ya sanar an gano sojojin bogi 50,000, sunaye ne kawai a takardar albashi, wasu sun mutu wasu sun gudu wasu suna zaune a gida suna raba albashin da ogansu. Janar yana kallon taswira yana ganin bataliya cike, ranar da wuta ta tashi sai ɗan tsirarun da ke wurin da gaske suka ga ba kowa a bayansu.

In kana ba da rahoto, musamman ta rediyo, ka raba maganarka gida uku: ga abin da na gani, ga abin da aka faɗa min, ga abin da nake zato. Kar ka cuɗa su. Kuma ka koya wa bakinka cewa “ban sani ba oga, ba ni minti goma in dubo”. Wallahi ta fi nauyi a baki fiye da yadda kake tsammani, shi ya sa kurata da yawa suke ƙirƙiro amsa nan take, a gina shiri kacokan a kanta.

Kuskurenka kuwa ka kai shi da ƙafarka tun da zafinsa. Harsashi ya ɓace maka, ko barci ya sace ka a wurin gadi, je ka faɗa, a taƙaice, ba kame-kame ba jingina wa wani. Hukuncin laifin daban, na ɓoyewa daban, kuma na biyun ne yake bin mutum har ya ajiye kaki, don ramin ƙarya ƙurarre ne, a bariki ma ya fi ƙurewa tunda komai a rubuce yake.

Wurin da ya fi ciwo shi ne in abokinka ne, wanda kuka kwana rami ɗaya, ka kama shi yana zuƙe man mota yana sayarwa. Ƙa'idar ɗaliban makarantar soja ta West Point a Amurka ta ce ɗalibi ba zai yi ƙarya ko maguɗi ko sata ba, kuma ba zai kawar da kai ga mai yi ba, kowa ya san wannan na ƙarshen ne mai wuya. Ni a ganina ka fara samunsa ku biyu, ka ce na gani, ka je ka faɗa da kanka kafin gobe in ba haka ba ni zan faɗa. Ka ba shi damar fita da ɗan mutuncinsa, amma kar ka yi masa alkawarin rufin asirin da zai sa mota ta mutu da mutane a tsakiyar hanya.

Batun oda, a nan sai an yi hankali. Odar da ba ta yi maka daɗi ba dole ka bi, aikin kenan. Wadda ba a bi ita ce wadda haramcinta a fili yake, kamar harbin fararen hula ko wanda ya miƙa wuya, ko azabtar da fursuna, kuma tun shari'ar Nuremberg da aka yi wa jagororin Nazi na Jamus bayan yaƙin duniya na biyu aka tsayar cewa “oda aka ba ni” ba ta wanke mutum. In ta zo maka, ka nemi a maimaita ta dalla-dalla, ka ce ba zan iya wannan ba cikin ladabi ba ɗaga murya, ka riƙe lokaci da wurin da waɗanda ke tsaye, sannan ka kai rahoto sama. Ranar 16 ga Maris 1968 a ƙauyen My Lai na Vietnam sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan fararen hula, rahoton farko ya ce mayaƙa 128 aka kashe. Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, shi ya sauke jirginsa tsakanin sojojin da mutanen ƙauyen, ya kuma kai rahoto a ranar. Ya sha zagi da barazana, sai a 1998 aka ba shi lambar yabo, shekara talatin cur. Na kawo wannan ne don kar wani ya ce maka gaskiya tana biya nan take.

In kuma kai ne mai igiya ko anini a kafaɗa, rabin ƙaryar da yaranka ke yi kai ka koya musu. Kofur ya zo ya ce rediyo biyu sun mutu, ka wanke shi tas a gaban kowa, toh gobe duk rediyon lafiya lau za ka ji. Ka haɗiye fushin, ka fara tambayarsa tun yaushe, me ake buƙata, sannan in ka zo rubuta naka rahoton ka sa biyun nan yadda ya faɗa maka.