Yadda Ɗalibi Zai Jera Zamunan Tarihin Kano a Kan Kwali

Kayan aiki: farin kwali, rula, fensir, biro kala uku, da taswirar birnin Kano.

1. Ja miƙaƙƙen layi mai tsawon santimita 55 a ƙasan kwalin. Kowace santimita ɗaya ta tsaya a madadin shekara 20, ka fara daga 900.

2. Sa manyan shekaru tukuna, da fensir: 999, hawan Bagauda kamar yadda tarihin sarakunan Kano ya kawo, 1463 zuwa 1499, mulkin Muhammadu Rumfa, 1804, fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 1903, shigowar Turawa Kano.

3. Raba layin gida uku, kowane da kalarsa: zamanin Haɓe, na Fulani, na Turawa.

4. Liƙa taswirar a sama. Nemo Dutsen Dala tukuna, daga shi za ka gane sauran wuraren. Yi alama a Kasuwar Kurmi, Gidan Rumfa da Gidan Makama, ka ja zare daga kowanne zuwa zamanin Rumfa. Ganuwa kuwa ba ta zamani ɗaya ba ce: Sarki Gijimasu ya fara ta, sarakunan da suka biyo bayansa suka faɗaɗa, don haka zare biyu za ka ba ta: ɗaya zuwa zamanin Gijimasu, ɗaya zuwa na waɗanda suka faɗaɗa ta.

5. Duba ƙarni da kyau, nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Shekarar 1463 tana ƙarni na 15, ba na 14 ba. Kada kuma ka haɗa shekarun Hijira da na Miladiyya a layi ɗaya, tazarar za ta rikice.

Sai malami ya duba kafin ka bi da biro.