Matakan Sayen Motar Iyali Ta Hannu a Garwa, Kamaru

Da farko, ka yanke kuɗin da za ka iya kashewa, ka ware wani kaso na gyara da inshora, domin motar hannu ba ta rasa abin taɓawa.

Sannan ka je da bakaniken da ka amince da shi, da sassafe, kafin mai motar ya tayar da injin, saboda injin da ya kwana ne yake bayyana lafiyarsa. Ka zaro sandar awon mai: idan man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa yana shiga injin, ka haƙura da ita. Shuɗin hayaƙi kuma alama ce ta injin da ke shan mai. Ka duba lagireto sosai, domin zafin Maris da Afrilu a Garwa ba ya raga wa mota.

Bayan haka, ka ɗauki iyalinka ku gwada ta a hanyar Pitoa, kana sauraron ƙafafunta a ramuka.

Kada ka biya ko sefa ɗaya sai lambar shasi ta dace da takardar mallaka, ka ga takardar duwan, wato ta kwastan, an kuma rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu.