Kurakuran da ke sa canjin hitar wanka ya ci kuɗi fiye da yadda aka zata

Yawancin mutane in hitar ruwan gida ta mutu abu na farko da suke yi shine su tambayi nawa sabuwa take, a faɗa musu, su ware wannan kuɗin cif su ce an gama. To anan ake fara faɗawa rami, don kuɗin da ke jikin kwali wani ɓangare ne kawai na abinda zaka kashe. Akwai kuɗin hannun mai famfo, akwai na mai waya in har za a taɓa layin wuta, ga sabon bawul, ga bututun haɗawa, ga ƙusoshin ratayewa, ga sauke tsohuwar da fitar da ita wanda shi ma aiki ne, in kuma sabuwar bata zo daidai da gurbin tsohuwar ba sai an ƙara bututu ko an fasa bango an sake gyara shi. Maganin wannan mai sauƙi ne, kar ka yarda da farashin da aka baka ta waya. Ka sa mai aikin ya zo ya gani da idonsa ya rubuta maka komai dalla-dalla, kaya daban aiki daban, kuma ka ji daga bakin mutum biyu ko uku. Wanda ya fi kowa araha ka duba takardarsa da kyau, sau da yawa wani abu ya tsallake wanda zai dawo ya ce maka ai wannan baya cikin lissafi bayan ya riga ya kwance komai.

Sannan kafin ma a kai ga saye, ka tabbata ta mutu ɗin? Mutane da yawa suna yar da hita mai rai. In matsalar ita ce ruwa baya zafi ko yana ɗaukar lokaci, galibi elimen ne, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan, ya ƙone ko tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan, ya daina aiki, kuma duka biyun ana cirewa a sa sabo da kuɗi kaɗan in ka kwatanta da sabuwar hita. In ɗiga take ka duba daga ina, in daga bakin haɗin bututu ne ko daga bawul wannan gyara ne. Amma in daga jikin tankin ruwan ke tsattsafowa, ko ruwan zafi kaɗai ke fitowa ja da tsatsa alhali na sanyi fes yake, to wannan kam ta gama yawo. Kuma kar wani ya ce maka zai yi mata walda, cikin tankin an shafe shi da wani abu kamar gilashi don hana tsatsa, wutar walda fasa shi take, ka biya kuɗi bayan ɗan lokaci ta ɓulle ta gefen wurin. Hita mai tanki yawanci shekara 8 zuwa 12 take yi, saboda haka in taka ta haura goma kuma ta fara neman gyara akai-akai gara ka tara kuɗin gyaran ka sa a sabuwa tun kafin ta fashe da daddare ta jiƙa silin, a lokacin ko ciniki bazaka iya tsayawa yi ba.

Girma ma wani wajen asara ne. Wasu su ce bari in sayi babba in huta, wasu su sayi ƙarama don araha sai mutum na biyu ya shiga wanka ya tarar da ruwa ya huce. Lissafin ba wuya, ɗumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin wajen yunit 2.3 na wuta, da elimen mai wat 1500 kuwa kusan awa ɗaya da rabi kenan. In ka ninka tankin ka ninka wannan, kuma ruwan da ba a yi amfani da shi ba hucewa yake a hankali hitar ta sake ɗumama shi kai kana biya. Ka ƙirga mutum nawa ke wanka a jere a lokaci guda, shine ma'auni. Wani abu kuma da ake mantawa, lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, hita mai lita 80 in ta cika da nauyin ƙarfenta ta kai kilo 100 ko fiye, ƙusoshin tsohuwar ƙarama bazasu riƙe ta ba, wani bangon ma bazai ɗauka ba.

Inda kuɗi ya fi zurarewa a ganina shine wajen canza nau'i ba tare da an yi lissafi ba. Mutum ya ga irin mara tankin nan mai ɗumama ruwa nan take, ƴar ƙarama ga kyau a bango, an ce masa tana iya kai shekara 20 kuma bata ɓarnar wuta wajen ajiye ruwa, duk gaskiya ne. Abinda ba a faɗa masa ba shine mai tanki tana jan kilowat ɗaya da rabi zuwa uku ne a yawancin ƙananan gidaje, ita kuma wannan ta wanka ɗaya kaɗai tana neman bakwai zuwa goma. Mai kilowat 9 a kan wuta 230 tana jan kusan amfiya 40, wayar tsohuwar hitarka bazata ɗauka ba, sai an ja sabuwar waya mai kauri tun daga akwatin wuta da nata bireka, wani gidan ma layin da ya shigo masa gaba ɗaya bai kai ba. Kaga kenan kuɗin waya da aiki zai iya wuce kuɗin na'urar. Mai gas kuma dole sai da hanyar fitar hayaƙi zuwa waje, ba maganar wasa bace, iskar da take fitarwa in bata ƙone da kyau ba bata da wari kuma tana kisa. Canza nau'i ba laifi bane, amma ka nemi farashi biyu, na mayar da irin wadda kake da ita da na sauyawa, ka ajiye su gefe da gefe.

Sai ƙananan wuraren da ake son a rage kuɗi a kansu kuma bai kamata ba. Bawul ɗin tsaro na tsohuwar hita kar a mayar da shi kan sabuwa, sabo za a sa. Kuma in ka ga yana ɗan ɗiga lokacin da ruwa ke zafi don Allah kar ka bari a toshe shi, aikinsa yake yi, ruwa in ya yi zafi ƙaruwa yake da kusan kashi 2 cikin 100 kuma dole ya samu wajen fita. A ja masa bututu zuwa magudana, ko a sa ƙaramin tankin nan mai shanye ƙarin. Wayar at, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, ita ma kar a rage kuɗi a kanta, da bireka mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, ruwa da wuta ne a ɗaki ɗaya da mutum jiƙe ba takalmi.

Ranar sakawa ka tsaya a wurin, don wani da ya gama ɗaurewa sai ya kunna wuta ya gwada alhali tanki bai cika ba, elimen in ba ruwa a kansa nan da nan yake ƙonewa kuma garanti ba kasafai yake ɗaukar wannan ba. A buɗe famfon zafi tukuna har iska ta gama fita ruwa ya zubo sosai ba tsayawa, sannan a kunna. Ka karɓi rasit da katin garanti ka ɗauki hotonsu a waya, ka karanta sharaɗin kuma, wasu kamfanonin sai ƙwararre ne ya saka suke amincewa. Ka kuma tambayi mai famfon inda sandar anod take a jikin taka, wata sanda ce ta magniziyam ko alminiyam da ke cikin tanki tsatsa ke cinta maimakon ta ci tankin, a duba ta duk bayan shekara biyu ko uku, in ta sirance a canza, in ruwanku mai gishiri-gishiri ne mai barin farin ɓawo a famfo to a riƙa zubar da ruwan tankin sau ɗaya a shekara ana wanke lakar da ta kwanta a ƙasa.