Darasi Na Bakwai: Sa Aikin Injin Niƙa A Takarda

A unguwarmu akwai mai injin niƙa da ya yi yaran aiki huɗu cikin shekara guda. Wannan ya koya ya tafi, wancan ya zo. Kowane sabon yaro, sai maigida ya soma bayani daga farko har bakinsa ya gaji. Ranar da ya tafi ɗaurin aure ƙauye, sabon yaro ya tada inji bai duba baƙin mai ba. Kafin azahar inji ya buga.

An faɗa wa yaron, gaskiya ne. Amma sau ɗaya aka faɗa masa, cikin ƙarar inji, mata na jira da robobin markaɗe.

Tunda yanzu ka iya rubutu, sa aikin a takarda. Samo kwali mai kauri da biro. Kada ka zauna a ɗaki ka rubuta da ka. Tsaya gaban injin da safe, kana yi kana rubutawa, domin hannunka ya saba yin abubuwan da bakinka bai taɓa faɗa ba. Ga misali:

1. Duba baƙin mai.
2. Cika tankin ruwa.
3. Duba gas.
4. Taɓa bel, kada ya yi sako-sako.
5. Naɗe hannun riga, sannan ka tada.

Kowane layi aiki ɗaya ne. "A kula da inji" ba umarni ba ne, don yaro bai san me zai kama ba.

Kada ka manta da abin da ke kawo faɗa. Idan an markaɗa attaruhu, a wanke inji tas kafin a zuba geron kunu. Uwar gida ba za ta yafe kunu mai yaji ba, kuma gobe wani injin za ta aika. Rubuta da manyan baƙaƙe: BA A TURA HATSI DA HANNU. Farashin mudu kuwa, ba shi takardarsa daban, tunda yana canzawa da kuɗin gas.

Idan yaron bai iya boko ba, rubuta da ajami, ko ka zana hoto a gefen kowane layi.

Sai gwaji. Miƙa wa sabon yaro kwalin, ka koma gefe ka yi shiru. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, layin nan ne bai fito ba, gyara shi. Bayan haka sa kwalin a farar leda saboda gari da ruwa, ka rataye shi a bango nesa da bel.

Aikin gida: zaɓi aiki ɗaya da kake yi kullum a sana'arka, ko ɗinki ne ko suyar ƙosai. Rubuta shi a layi biyar zuwa bakwai. Ka zo da shi aji, abokin zamanka zai karanta ya nuna mana yadda ya fahimta.