Yadda za a tsara azumin rage ƙiba ba tare da an rasa barcin dare ba

Mutumin Damagaram ba baƙo ba ne ga azumi, domin tun yana yaro yake ganin watan Ramadan, da sittu Shawwal, da dattawan da ba sa barin Litinin da Alhamis su wuce su. Amma azumin da ake yawan magana a kansa yanzu a tsakanin ma'aikata da ɗaliban jami'a da matan da ke son rage jiki wani abu ne dabam, wanda ba ibada ba ne, tsarin cin abinci ne kawai. Mafi shahara a cikinsa shi ne a kame baki daga abinci na sa'o'i 16, a ci a cikin sa'o'i 8 da suka rage, kuma ana iya shan ruwa a kowane lokaci. Akwai kuma na kwana biyu a mako, inda ake rage abinci ƙwarai, wanda wani likita ɗan Ingila mai suna Michael Mosley ya yaɗa a shirin talabijin na BBC a shekarar 2012. Kukan da aka fi ji daga waɗanda suka fara wannan tsari shi ne barci ya ƙaurace musu: ko dai su kwanta ido biyu har tsakar dare, ko kuma su farka ƙarfe 3 su kasa komawa. A ganina, laifin yunwa a nan kaɗan ne. Mafi yawan matsalar tana zuwa ne daga lokacin da mutum ya zaɓa ya ci, da kuma abin da yake sha don ya danne yunwar.

Dalili kuwa shi ne jiki yana da agogonsa na ciki mai zagayawa kusan sa'o'i 24, kuma binciken yadda wannan agogo yake aiki ne ya sa aka ba wasu masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Babban agogon yana cikin ƙwaƙwalwa, haske ne ke saita shi, kuma idan duhu ya shiga sai jiki ya fara fitar da sinadarin melatonin mai sanar da shi cewa lokacin kwanciya ya yi. Hanta da hanji kuwa suna da nasu ƙananan agogunan, waɗanda lokacin cin abinci ke saitawa. Idan mutum ya wuni bai ci kome ba, sannan ya cika cikinsa ƙarfe 10 na dare, ƙwaƙwalwa tana cewa dare ya yi, ciki yana cewa yanzu aiki ya fara, kuma barcin da aka yi a tsakanin waɗannan umarni biyu ba ya yin nauyi. Wanda kuma ya kwanta da yunwa mai tsanani yana da tasa matsalar, saboda akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira oreksin, wanda aka gano a 1998, mai tayar da mutum ya kasance a farke idan sukarin jini ya yi ƙasa.

Saboda haka abu na farko da za a yanke shawara a kai shi ne inda za a ajiye sa'o'in cin abinci, kuma a nan ne al'adarmu take da ta cewa. A gidajenmu, daga Birni har Zango da Sabon Gari, tuwon dare shi ne abincin da ke tara iyali, kuma sau da yawa sai bayan isha'i ake zama a kansa. Mutane da yawa, don kada su rabu da wannan zama, sai su bar karin kumallo da abincin rana, su fara ci da la'asar, su gama ƙarfe 10 ko 11. Wannan shi ne tsarin da ya fi cutar da barci. Abin da ya fi dacewa shi ne a jawo lokacin baya, a fara ci wajen ƙarfe 11 na safe, a rufe wajen ƙarfe 7 na yamma, wato a ci tuwo da zarar an idar da magariba. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce a bar kamar sa'o'i 3 tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya, musamman ga mai fama da ƙwannafi, domin kwanciya da cikakken ciki tana ba ruwan tsamin ciki damar hawowa maƙogwaro. Maigida zai iya gaya wa uwargida a zuba masa nasa da wuri, ya kuma zauna da iyali a lokacin da suka saba ko da ruwa kawai zai sha. Kada kuma a faɗa wa sa'o'i 16 rana ɗaya. A fara da 12 na tsawon mako guda, a ƙara zuwa 14, sannan a duba ko jiki ya karɓa.

Sai maganar shayi, wadda na tabbata ita ce ta fi hana mutanen Zinder barci fiye da kowace irin yunwa. Masu koyar da wannan azumi suna cewa shayi da kofi marasa sukari ba sa karya shi, kuma gaskiya ne, sai dai shayinmu na fada, wato majalisar hirar abokai, wanda ake dafawa a kan gawayi har ya yi kauri, a sha na farko da na biyu da na uku, yana ɗauke da kafeyin mai yawa, wato sinadarin da ke hana barci, ga kuma sukari da ake zuba masa wanda shi kansa ya karya azumin. Jiki yana ɗaukar kimanin sa'o'i 5 kafin ya rage rabin kafeyin ɗin da aka sha, wato wanda ya sha na farko ƙarfe 8 na dare, har ƙarfe 1 rabinsa yana yawo a jininsa. Goro da Nescafé duk tafiyarsu ɗaya. Mai son barcinsa ya tsaya daidai ya mayar da shayinsa zuwa hantsi ko bayan abincin rana, ya daina daga azahar ko ƙarfe 3 a ƙalla, idan kuma ya je fada da dare ya nemi a dafa masa citta ko na'ana'a zalla ba ganyen shayi. Abokan zama za su yi tsokaci kwana biyu, daga baya su saba.

Ruwa kuma a sha shi da rana sosai, tunda wannan azumi bai hana ba, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a garin nan. Wanda ya bari sai dare sannan ya kwankwaɗi ruwa mai yawa, fitsari zai tashe shi sau biyu ko uku.

Abincin ƙarshe na yini ya kasance mai riƙe ciki, kamar tuwon gero da miyar kuka ko ta kuɓewa da ɗan nama, ko wake, ko dambun zogale, ko fura da nono da ba a cika wa sukari ba. Lemon kwalba da biredi da kayan zaƙi suna ɗaga sukarin jini da sauri, su sauke shi da sauri, kuma yunwar da ke biyo baya ita ce mai tayar da mutum cikin dare. Kada a haɗa taƙaita sa'o'i da rage yawan abinci ƙwarai a lokaci guda, domin jikin da ya ji an matsa masa ta fuska biyu ba ya sakin jiki ya yi barci.

Babban mutum yana bukatar barcin sa'o'i 7 zuwa 9, kuma tunda asuba tana kamawa wajen ƙarfe 5, lissafin ya nuna cewa ya kamata a kwanta ƙarfe 10, a kashe wayar hannu kafin nan. A riƙe lokacin tashi ɗaya kullum, a fita a sha hasken safiya, saboda shi ne ke gyara babban agogon. Ƙailula tana taimakawa idan ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba kuma aka yi ta kafin la'asar.

Idan Ramadan ya zo, sai a ajiye wannan tsari gaba ɗaya, ibada ta isa. Farfesa Ahmed BaHammam na Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad ya daɗe yana nazarin barcin masu azumi, kuma abin da bincikensa ya nuna shi ne cewa idan aka kiyaye lokacin kwanciya da tsawon barci, azumin kansa ba ya ƙara wa mutum gyangyaɗi da rana. Jinkirta kwanciya da cin abinci har tsakar dare su ne ke rikita barci. Don haka a yi babban cin abinci tsakanin buɗa-baki da tarawihi, a kwanta da wuri, a tashi sahur. Haka ma mai azumin Litinin da Alhamis zai yi.

Yana da kyau a ɗauki ƙaramin littafi a riƙa rubuta lokacin da aka ci abincin ƙarshe, da lokacin shayin ƙarshe, da sau nawa aka farka, na tsawon mako biyu. Ɗan rikicewar barci a kwanakin farko abu ne da aka saba gani kuma yakan wuce. Idan ya zarce mako biyu, ko ana tashi da jiri da bugun zuciya da gumi, sai a koma sa'o'i 12 ko a dakata. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin, da mace mai ciki ko mai shayarwa, da mai gyambon ciki, da yaran da ba su gama girma ba, kada su fara wannan tsari sai sun ga likita, domin sukarin mai shan magani yana iya faɗuwa yana cikin barci ba tare da ya sani ba.