Kafin ku shimfiɗa tayil na dutse a kan daɓen da ke da hita

'Yan uwa masu aikin tayil a Ingila da Jamus, kar ku ɗora mabul ko giranit a kan daɓen da aka binne fayif ɗin ɗumama ɗaki sai an fara kunna hitar tukuna.

Daɓen siminti a ba shi sati 3 ya sha iska. Sannan a kunna hitar, zafin ruwan da ke cikin fayif a kan digiri 25, kullum a ƙara 5 har ya kai iyakarsa, a bar shi kwana biyu uku, a sauke a hankali, a kashe kwana 2 kafin aiki.

Dalili kuwa, zafi yana sa daɓe ya buɗe ya tsuke, to gara duk tsagewar da zai yi ya yi ta tun babu dutse a kai, don mabul ba ya da haƙuri wallahi, layin tsagar zai fito masa ɓaro-ɓaro.

Ku sa gam mai ɗan taushi, wato wanda ke ɗan lanƙwasawa ko bayan ya bushe, fari in dutsen mai haske ne, toka-toka yana ɓata shi. Ku bar 'yar tazara a jikin bango.

Amma fa in daɓen na jibsam ne (abin da ake yin POP da shi) wannan kaɗai bai isa ba, sai an goge samansa an shafa firaima (ruwan da ake fara shafawa don gam ya kama), in ba haka ba gam ɗin siminti saki zai yi.